Ƙwarewar Dijital a Makarantun Firamare da Sakandare: Ina Gurbin Darasin Hausa?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ake nufi da ƙwarewar dijital a fagen ilimin makaranta, tare da bin diddigin yadda aka fayyace ta a tsarin DigComp na Tarayyar Turai, wanda ƙasashe da dama suka ara. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan abin da tsarin ya ƙunsa aiki ne na harshe, wato karatu da auna magana da rubutu, don haka malamin Hausa yana da kaso mai tsoka a cikinsa, kodayake har yau an bar wa malamin kwamfuta ɗawainiyar shi kaɗai. An kawo misalai daga matsalar haruffa masu lanƙwasa, da tantance labarai, da kuma keɓaɓɓun kalmomi.

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi maganar shigar da fasahar zamani cikin makarantunmu, abin da aka fi saurin kawowa shi ne lissafin kaya: kwamfutoci nawa aka saya, ɗakuna nawa aka gina, makarantu nawa aka haɗa da intanet. Wannan lissafi yana da daɗin faɗa a wajen bikin buɗe gini, amma ba ya amsa tambayar da ta fi damun malami, wato me yaro zai iya yi da na'urar idan an miƙa masa ita. Tambayar ce ta haifar da batun ƙwarewar dijital, wadda za a iya bayyana ta da cewa haɗuwar sani da iyawa da hali ne da mutum ke buƙata domin ya yi amfani da na'urorin zamani cikin natsuwa da basira da kiyaye haƙƙi, a wajen koyo ko sana'a ko hulɗa da jama'a.

Batun ya shafi manazarta Hausa kai tsaye. Yaron da ke aji biyar na firamare a Funtuwa ko Haɗeja, idan ya ɗauki wayar mahaifiyarsa, da Hausa yake sauraron saƙon murya, da Hausa yake kallon bidiyo, kuma da Hausa yake yanke hukuncin gaskata abin da ya ji ko ƙaryata shi. Makaranta kuwa da Ingilishi take koya masa sassan kwamfuta, sau da yawa a kan allo, ba tare da ya taɓa na'urar ba. Giɓin da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu shi ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba.

2.0 Asalin Batun da Yadda Aka Tsara Shi

Paul Gilster ne ya yayata batun iya karatu da rubutu na dijital a littafinsa na 1997, inda ya karkata ga cewa sarrafa tunani ya fi sarrafa maɓallai muhimmanci. A 2006 Majalisar Dokokin Turai da Majalisar Tarayyar suka sanya ƙwarewar dijital cikin muhimman ƙwarewowi takwas da kowane ɗan ƙasa ke buƙata a tsawon rayuwarsa, daidai da iya harshen uwa da lissafi. Sai dai ambaton abu daban, fayyace shi daban. A 2013 ne cibiyar bincike ta Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da tsarin DigComp, wanda Anusca Ferrari ta rubuta rahotonsa, aka kuma sabunta shi a 2016 da 2017 da 2022.

Tsarin ya kasa ƙwarewar gida biyar, a ƙarƙashinsu akwai ƙananan ƙwarewowi 21. Gida na farko shi ne neman bayani da tantance shi da adana shi. Na biyu sadarwa da aiki tare da wasu, har da ladubban zance da kula da sunan da mutum ya yi wa kansa a intanet. Na uku ƙirƙirar abu, tun daga rubutu da hoto har zuwa rubuta manhajar kwamfuta, tare da sanin haƙƙin mallaka. Na huɗu tsaro, wanda ya haɗa da kare na'ura da bayanan sirri da lafiyar jiki da ta zuciya. Na biyar warware matsala. Bugun 2017 ya ƙara matakan gwaninta takwas, daga mai yin abu da taimakon wani har zuwa mai ƙirƙiro sabuwar hanya. A shekarar ce kuma aka fitar da DigCompEdu domin malamai, mai ƙwarewowi 22 a gidaje shida.

Akwai abin lura a nan. Lokacin da UNESCO ta ɗauki DigComp a 2018 domin gina tsarin da zai dace da duniya baki ɗaya, sai da ta ƙara masa gida a farkonsa, wato iya kunna na'ura da sarrafa manhajojinta. Turawan da suka tsara na asali ba su ga buƙatar ware wa wannan gida na kansa ba, domin sun ɗauka kowa ya riga ya wuce wurin. Wannan ya isa ya tunatar da mu cewa kowane tsari yana ɗauke da zaton wurin da aka haife shi. A Nijeriya, hukumar NITDA ta fitar da nata tsarin na ƙasa a 2023, wanda ya ɗoru a kan DigComp, kuma gwamnatin tarayya ta sa wa kanta burin kaiwa kashi 95 cikin ɗari na 'yan ƙasa masu wannan ƙwarewa kafin 2030. Ko burin zai cika ko ba zai cika ba, wannan magana ce ta daban.

3.0 Zato Biyu da Bincike Ya Rusa

Zato na farko shi ne cewa idan aka ba yaro na'ura, ilimi zai biyo baya. Shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, a kan wannan zato aka gina shi, kuma Nijeriya na cikin wuraren da aka fara gwada shi, a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ce ta fi rungumar shirin, ta raba kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a makarantun karkara sama da 300, rahotonsa na 2012 bai sami wani ci-gaba a lissafi ko harshe ba, sai ɗan ƙaruwa a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani. Rahoton ƙungiyar OECD na 2015 ma ya nuna cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi masu yawa wajen sayen kwamfutocin makaranta ba su ga wani canji na a-zo-a-gani ba a karatu da lissafi da kimiyya.

Zato na biyu ya fi yaɗuwa a tsakanin iyaye, har da malaman jami'a. Shi ne cewa yaran zamani da fasaha aka haife su, ba su buƙatar a koya musu. Marc Prensky ne ya ba wannan ra'ayi suna a 2001, ya kira su 'yan asalin duniyar dijital, manya kuma baƙi. Binciken ICILS na 2018, wanda aka gudanar a kan ɗaliban aji takwas a ƙasashe irin su Denmak da Koriya ta Kudu da Jamus da Amurka, ya gano cewa kashi 2 cikin ɗari ne kawai suka kai matakin ƙoli, wato iya tantance bayani da ƙirƙirar abu da shi cikin 'yancin kai, yayin da kashi 18 ba su kai ko matakin farko ba. A 2016 kuma wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin jagorancin Sam Wineburg, sun gwada ɗalibai sama da 7,000, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya bambanta talla da labari ba, alhali an rubuta a jikin tallar cewa biya aka yi. Waɗannan yara ne na ƙasashen da wutar lantarki ba ta ɗaukewa. Saurin yatsa a kan gilashin waya yana ruɗar babba ya zaci yaro ya ƙware, nan kuwa kallon kitse ake yi wa rogo.

A gida, abin da ya fi tilasta wa ɗalibai zama gaban kwamfuta shi ne jarrabawar JAMB, wadda aka fara yi da kwamfuta a 2013, ta koma haka gaba ɗaya a 2015. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa tsarin ta yadda ɗalibi zai iya kammala jarrabawar da 'yan maɓallai kaɗan: A zuwa D domin zaɓen amsa, N domin gaba, P domin baya, S domin miƙawa. Wannan adalci ne ga ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Amma ya sa makarantu da yawa sun taƙaita horon kwamfuta ga atisayen 'yan kwanaki kafin jarrabawa, kuma ɗalibin da ya ci maki mai yawa yana iya shigowa jami'a bai san yadda ake adana rubutu a ba shi suna ba.

4.0 Kason Harshe a Cikin Ƙwarewar

Idan aka sake duban gidaje biyar na DigComp da idon mai nazarin harshe, za a ga uku na farko kusan duk aikin harshe ne. Neman bayani yana buƙatar zaɓen kalmar da ta dace. Tantance shi yana buƙatar fahimtar manufar mai magana da salon da ya bi. Sadarwa tana buƙatar sanin wa ake yi wa magana da irin rajistar da ta dace da shi. Ƙirƙira kuwa rubutu ne ko magana. Hatta tsaro, babban ɓangarensa gane yaudara ne a cikin zance, domin ɗan damfarar da ya aiko saƙo yana neman lambar sirrin asusun banki da kalmomi yake farauta. A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da NERDC ta sake wa fasali a 2012, an cusa nazarin kwamfuta a cikin darasin kimiyya da fasaha na tushe. Wannan wuri ya dace da koyar da na'ura, amma bai dace da koyar da auna magana ba.

4.1 Haruffa Masu Lanƙwasa

Babu inda matsalar ta fi fitowa fili kamar a rubutun Hausa kansa. Allon maɓallan da ke zuwa da kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Sakamakon haka mafi yawan Hausar da ke intanet ba ta da lanƙwasa, sai ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ɓata ta zama bata. Babba wanda ya san harshen yana cike giɓin daga muhallin magana. Yaron da ke koyon ƙa'idojin rubutu kuwa, wanda abin da yake karantawa a waya ya ninka abin da yake karantawa a littafi, yana tasowa da ganin cewa lanƙwasa ado ce da ake yi don malami.

Duk wanda ya taɓa buga kundin digiri a sashen Hausa ya san ɗaya fuskar matsalar. Shekaru da yawa an dogara da keɓaɓɓun nau'o'in rubutu irin su Rabi'at, waɗanda suka yi wa harshen hidima sosai a lokacin da babu wata mafita. Dabararsu ita ce aron gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba a ɗora musu surar harafin Hausa. Matuƙar nau'in rubutun yana cikin kwamfutar, komai lafiya. Da zarar an buɗe takardar a wata na'ura, ko an ɗora ta a intanet, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Illar ba ta tsaya ga muni ba. Injin bincike ba ya gane waɗannan kalmomi, don haka kundaye da maƙalu masu yawa suna nan a intanet amma mai nema ba zai same su ba, kamar littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan lambarsa ta dindindin, kuma manhajojin allon rubutu na waya irin su Gboard suna da Hausa. Abin da ya rage shi ne a koya wa ɗalibi ya kunna shi. Aikin minti biyar ne, amma malamin kwamfuta ba ya ganin nasa ne, malamin Hausa kuma ba a horar da shi a kai ba.

Daga nan darasin bincike yake farawa. Ɗalibin da ya san cewa ana rubuta kalma ɗaya da lanƙwasa ko babu ita, kuma Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, zai san ya gwada sura fiye da ɗaya idan yana nema. Wannan ita ce ƙwarewa ta farko a jerin DigComp, kuma babu mai iya koyar da ita a Hausa sai wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa.

4.2 Tantance Labari

A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya zagaya Nijeriya cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. Kafin hukumomi su ƙaryata, mutane da yawa sun kwanta a asibiti, an kuma ba da rahoton rasa rayuka. Waɗanda suka tura saƙon sun iya waya sarai. Abin da ya faru shi ne saƙon ya zo daga ɗan'uwa ko aminin da ake ganin girmansa, kuma a al'adarmu tuhumar maganar babba abu ne mai nauyi.

Dabarun tantancewa da aka tsara a Turai da Amurka sun fi karkata ga rubutaccen shafi: a duba wanda ya wallafa, a buɗe wani shafin a ga abin da wasu suka ce game da shi. Wineburg da abokan aikinsa sun nuna cewa haka ƙwararrun masu bin diddigin labarai suke yi, ba sa tsayawa a cikin shafin suna auna kyawunsa. Dabarar tana da amfani, sai dai babban kaso na abin da ke yawo a tsakanin Hausawa saƙon murya ne da guntun bidiyo a WhatsApp da TikTok, waɗanda ba su da marubuci ko kwanan wata. A nan mai nazarin adabin baka ya fi kowa kayan aiki. Ya san yadda "an ce" da "wai" suke ɗauke wa mai magana nauyin abin da ya faɗa. Ya san aikin rantsuwa a farkon zance, da dalilin da ya sa ake rufe saƙo da roƙon a tura wa wasu don Allah. Ya san karin harshe, har yana iya gane cewa muryar da aka ce ta mutumin wani gari ce ba ta yi kama da maganar garin ba. Harshen ma ya tanadi sunaye ga abin: ji-ta-ji-ta, ƙanzon kurege, shaci-faɗi, zuƙi-ta-malle. Kowanne da inda ya dosa, kuma rarrabe su a aji darasi ne na ma'ana da na tantancewa a lokaci guda.

Akwai kuma wata hanya da ɗalibai da yawa suka riga suka sani daga makarantun Islamiyya, wato bin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin mai ruwayar abin dogaro ne, shin sun ma haɗu. Yaron da ya san ba a karɓar ruwaya sai an san silsilarta ba baƙo ne ga tunanin tantance tushe ba. Abin da bai saba ba shi ne ɗora wannan ma'auni a kan saƙon da ya shigo wayar gidansu. A ganin mai wannan nazari, gina darasi a kan abin da yaro ya riga ya sani zai fi saurin kama ƙasa fiye da fassaro jerin tambayoyin da aka tsara wa ɗalibin Kalifoniya.

4.3 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ba a koyar da abu da harshen da ba shi da sunansa. Hausa ta yi ƙoƙari a nan, galibi ta hannun gidajen rediyo da jaridu: yanar gizo, kafafen sada zumunta, kalmar sirri, ƙirƙirarriyar basira. Amma babu daidaito. Ana cewa kwamfuta, ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ana amfani da yanar gizo da intanet kamar abu ɗaya, alhali a fasahance na farkon ɓangare ne na na biyun. Kalmar manhaja ta fi kowacce rikitarwa a fagen ilimi, domin tana nufin tsarin karatu, tana kuma nufin abin da ake sakawa a waya, har a cikin wannan maƙala an yi amfani da ita ta fuskokin biyu. Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa ya nuna cewa masana na iya zama su daidaita irin wannan, kuma kalmomin da aka amince da su a lokacin su ne ake koyarwa da su har yau.

5.0 Abin da Zai Yiwu a Aji

Ba a musun cewa makarantun gwamnati da yawa ba su da wuta, balle kwamfuta, kuma rufe makarantu a 2020 ya nuna haka, domin rediyo da talabijin jihohin Arewa suka koma wa wajen ci gaba da darussa. Amma yawancin abin da aka ambata a sama ba ya jiran ɗakin kwamfuta. Malami ɗaya da waya ɗaya zai iya kunna wa aji saƙon murya, ya sa su fitar da wanda ya yi maganar, da hujjarsa, da kalmomin da ya yi amfani da su don tsoratarwa ko lallashi. Darasin rubuta wasiƙa, wanda ke cikin manhajar Hausa tun da daɗewa, zai iya ɗaukar saƙon imel da na WhatsApp, a tattauna yadda ake gaida malami a rubuce da abin da bai kamata a tura wa taron mutane ba. A babbar sakandare ɗalibai na iya fassara sakin layi da Google Translate, wanda ya shigar da Hausa tun 2013, sannan su zauna su gyara kurakuransa, su faɗi dalilin kowane gyara. Inda akwai intanet, rubuta gajeren bayani game da garinsu a Wikipedia ta Hausa zai tilasta musu kawo madogara da kiyaye lanƙwasa, kuma wani zai karanta ya gyara musu, abin da rubutun cikin littafin aiki ba ya samu.

Cikas ɗin yana wajen horar da malamai. Ɗalibin da ke karanta Hausa a kwalejin ilimi yana ɗaukar kwas na kwamfuta a matsayin darasin gama-gari, da Ingilishi, tare da ɗaruruwan ɗalibai daga wasu sassa, kuma babu abin da ke haɗa kwas ɗin da hanyoyin koyar da Hausa. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji suna da ikon gyara wannan a cikin kwasa-kwasan da suke da su, ba tare da jiran sabuwar manhaja daga Abuja ba. Kwas ɗin ƙa'idojin rubutu zai iya farawa da saita allon rubutu na Unicode a wayar kowane ɗalibi a makon farko, a kuma daina karɓar aikin jinga ko kundin da aka buga da tsohon nau'in rubutu.